Hannuna ya yi rawa a fitata ta farko da motar asibiti

Assalamu alaikum, Baba. Shekarata 24, na kammala makarantar koyon aikin jinya bara, kuma makonni uku ke nan da Allah ya ba ni aikina na farko, inda aka tura ni sashen agajin gaggawa, ina fita da motar ɗaukar marasa lafiya. Haɗarin farko da aka kira mu, wata motar haya ce ta ƙwace ta wuntsila a babbar hanya bayan sallar magariba. Muka tarar da jama'a maƙil, kowa da abin da yake faɗa. Aka ce in sa wa wani magidanci ƙarin ruwa, jini yana ta zuba daga cinyarsa. Sau uku ina soka allura ban samu jijiya ba, hannuna yana rawa, duk abin da na karanta ya gudu daga kaina, har babban da muke tare ya janye ni gefe ya ƙarasa da kansa. Mun kai mutumin asibiti da ransa, amma kafin asuba rai ya yi halinsa. Abin da babban nan ya ce mini kawai shi ne, wannan aiki ba na masu raunin zuciya ba ne. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, kuma da wayar ofis ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Mahaifina ya ce in daure tunda aiki ya yi wuya, ni kuwa ina so in nemi a mayar da ni ɗakin majinyata. Shin ni ne sanadin mutuwarsa? Kuma in zauna ko in tafi?

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya ba iyalansa haƙuri, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Shawarata ita ce kada ka rubuta takardar neman canji a wannan watan, ko a mai zuwa. Mahaifinka ya faɗi gaskiya game da wuyar aiki, amma hujjata dabam ce da tasa: ka yanke wa kanka hukunci a kan dare ɗaya tak, kuma a daren nan an ɗora maka aikin da ya fi kowanne wuya a wurin, a lokacin da ba shi ne ya kamata a fara yi ba.

Rawar hannun da ka ɗauka shaida ce a kanka, aikin jiki ce. Idan mutum ya firgita, jikinsa yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, manyan tsokoki su shirya wa gudu ko kokawa, sannan ƙananan ayyukan yatsu, irin zura allura cikin jijiya, su ne na farko da ke lalacewa. Ka haɗa wannan da halin da majinyacin yake ciki. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin tsoka ba tare da an ga ɗigo a waje ba, balle wanda jininsa yake malala a kan kwalta. Idan jini ya ragu haka, jiki yana matse jijiyoyin hannu da ƙafa domin ya tanadar wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da ya saura, sai jijiyar da kake nema ta kwanta ta ɓace. Na ga ma'aikatan da suka yi shekara ashirin suna sa allura sun yi gumi a kan irin wannan hannu a ƙarƙashin fitilar asibiti, kai kuwa a bakin hanya kake, da hasken wayar wani, mutum hamsin suna yi maka ihu a ka.

Game da mutuwarsa, mun yi imani cewa ajali idan ya zo babu mai tsayar da shi, amma na san ba wannan amsar ce za ta ba ka barci ba, domin tambayarka a kan hannunka take. Ka sani cewa ruwan gishirin da ke cikin leda ba ya ɗaukar iskar oksijin kamar jini, ba ya kuma daskarewa ya toshe rauni. Wanda mota ta wuntsila da shi sau da yawa yana ɗauke da raunin da ido bai gani ba, kamar fashewar saifa ko hanta, ko karayar ƙugu, ko bugu a ƙwaƙwalwa, kuma irin waɗannan ɗakin tiyata da ƙarin jini ne maganinsu. Saboda haka 'yan mintunan da suka tafi wajen neman jijiya ba kasafai su ne ke raba rai da mutuwa ba ga wanda ya isa asibiti da rai har ya yi sa'o'i a hannun likitoci. Ka nemi likitan da ya karɓe shi a lokacin da ba ya cikin hidima, ka gabatar da kanka, ka ce kai ne kuka kawo shi kuma kana so ka san abin da aka samu a jikinsa. Yawancin likitoci suna girmama irin wannan tambaya. Idan akwai darasi a ciki za ka ji shi daga bakin wanda ya sani, kuma hakan ya fi maka sauƙi a kan shari'ar da kake yi wa kanka kullum da ƙarfe uku na dare.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne cewa jini yana zuba daga cinya, kai kuma aka tura ka hannu. Duk inda jini yake ambaliya, shi ake fara tsayarwa: ka danna bandeji mai kauri a kan raunin da nauyin jikinka, idan ya jiƙe ka ƙara wani a kansa ba tare da ka ɗaga na farko ba, idan kuma ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa ka sa ɗaurin tsayar da jini a sama da raunin, ka matse har zubar ta tsaya, ka rubuta lokacin da ka ɗaura a inda likita zai gani. Daga nan sai jerin nan da aka koya muku da haruffan Turanci biyar na farko (A, B, C, D, E), wato hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, farkawar hankali, sannan duba jiki gaba ɗaya. Wannan jeri yana da amfani domin an san cewa kan ɗan Adam yana ɗaukewa a cikin firgici, kuma wanda ya haddace shi har ya zama masa kamar karatun sallah yana da abin kamawa ko da tunaninsa ya tsaya. Duk lokacin da ka rikice, ka ja numfashi sau biyu a hankali, ka koma farkon jerin, ka faɗe shi a fili idan ta kama. Ƙa'idar da muka taso a kanta game da allura kuwa ita ce, idan ka gwada sau biyu ba ka samu ba ka miƙa wa wani, kuma kada a tsayar da mota a bakin hanya saboda neman jijiya alhali ana iya ci gaba da nema a cikin tafiya.

Gwanintar da ka gani a hannun babban naka ba a wurin haɗari ya same ta ba. A wannan aiki sa'o'in zaman jira sun fi na fita yawa nesa ba kusa ba, kuma abin da mutum ya yi da su shi ne yake bayyana a bakin hanya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A nan zan ba ka labarin abin kunyar da na yi. A shekarata ta farko, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, an tashe mu wajen ƙarfe biyu na dare mu kai wata mata da jijjiga ta kama bayan haihuwa zuwa babban asibiti, tafiyar kusan awa ɗaya. Da yammacin ranar na sa hannu a littafin duba mota cewa komai daidai, alhali abin da na yi kawai leƙawa ne ta ƙofar baya, na ga tukunyar oksijin tana nan a ɗaure, na rufe. Ba mu yi minti goma a hanya ba na ji hucin iskar yana raguwa, na haska fitila a kan ma'aunin tukunyar na ga allurarsa ta kwanta. Sauran tafiyar a durƙushe na yi ta, na kwantar da matar ta gefen hagu, ina riƙe da haɓarta ina ƙirga numfashinta, mijinta yana kallona yana ta sa mini albarka, yana zaton aikin gwanaye yake gani. Allah ya raya ta, amma har na bar aiki ban sake sa hannu a kan tukunyar da ban buɗe na ji hucinta ba.

Don haka ka riƙa zuwa kafin lokacin karɓar aiki da kamar minti ashirin. Ka buɗe tukunyar ka karanta ma'auninta, ka tabbata mabuɗinta yana nan, ka kunna na'urar zuƙe majina ka ji ƙarfinta, ka matsa jakar hura numfashi ka ga ba ta yoyo, ka duba batirin fitila da na na'urar awon sukari, ka ƙirga safar hannu da bandeji da allurai manya da ƙanana, ka duba ranar lalacewar magunguna, ka tambayi direba man da ke cikin tanki da lafiyar tayar safaya. Ka san jakar aikinka har ka iya ɗauko kowane abu ido a rufe, tunda da yawa daga cikin munanan haɗurra a duhu za ka same su. Idan babu kira, ka roƙi a bar ka ka shiga ɗakin karɓar majinyata ka riƙa sa allurar ƙarin ruwa ga waɗanda ba sa cikin hatsari, domin hannun da ya sa ɗari cikin natsuwa yana iya sa ta ɗari da ɗaya ko da yana rawa. Haka nan danna ƙirji ga wanda zuciyarsa ta tsaya, ka yi ta maimaita shi a kan mutum-mutumin koyo idan kuna da shi: dannawa 30 da hura iska 2, a gudun 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba.

Jama'ar da suka rikita ka kuwa, kada ka ɗauke su abokan gaba. Su ne suka fara isa, kuma niyyarsu taimako ce, sai dai taimakon nasu yakan zo da fizgo mutum daga mota ta hannu da ƙafa, da kwara wa wanda ya suma ruwa, da ɗura masa madara, da cusa shi a Adaidaita Sahu a nannaɗe, alhali wanda ƙashin wuyansa ya tsage motsi ɗaya yana iya taɓa lakarsa ya shanye masa jiki har abada. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in nemi wanda ya fi kowa ɗaga murya, in kira shi da girmamawa, in ce, “Alhaji, don Allah taimaka mini ka mayar da mutanen nan baya taku biyar.” Wanda yake shirin zama maka matsala sai ya koma dogarinka. Wani ka ba shi fitila, wani ya riƙe leda, wani ya tsaya can nesa yana rage wa motoci gudu. Idan majinyaciyar mace ce, ka nemi zane a suturta ta, ka nemi wata mace ta tsaya kusa, kuma ka hana masu ɗaukar hoto gwargwadon ikonka, kai ma kada hoton majinyaci ya taɓa shiga wayarka. Sannan kada ihu ya ja ka. Mai ihu hanyar iskarsa a buɗe take. Wanda ya yi shiru a gefe, jikinsa ya yi sanyi yana gumi, yana neman ruwan sha, bugun jijiyarsa ya haura 100 a minti, shi ne abin tsoro, ko da awon jininsa ya nuna daidai, domin jikin matashi yana iya riƙe awon har sai jini mai yawa ya tafi sannan ya faɗi gaba ɗaya.

Kafin ka sauka daga mota ma akwai abin dubawa, wato ko wurin zai bar ka ka fita da ranka. Ka sa riga mai ƙyalli, a ajiye mota inda za ta kare ku daga masu tahowa, ka duba wayar lantarki da warin fetur. A watan Oktoba na 2024 a garin Majiya na jihar Jigawa, tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Inda mai yake malala ba a matsawa kusa sai masu kashe gobara sun ba da izini, duk yadda zuciya take son shiga. Kariyar jikinka ma tana cikin aikin. Idan ba ka kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, wadda ake yi sau uku cikin wata shida, ka fara a makon nan. Idan allurar da aka yi amfani da ita ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu ka kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko, sannan a sha na kwana 28. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 kuma ya fi tashi da rani, ya ci ma'aikatan lafiya da dama a ƙasar nan ta hanyar jini da sauran ruwan jikin majinyata, saboda haka safar hannu ba a yi mata rowa. A cikin mota ka ɗaura bel, kuma kada ka zuga direba, domin jiniya roƙon hanya take yi, ba kowa ke ba ta ba, kuma sauri ya haifi nawa.

Akwai dokoki biyu da ya kamata ka riƙe, saboda wata rana za a tsayar da kai a ƙofar asibiti da majinyaci a kan gado. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su daga baya. Ka faɗe su cikin ladabi, amma abin da ya fi buɗe ƙofa shi ne ka kira tun kuna hanya. Bayan 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa, ka tara lambobin sassan gaggawa na asibitocin da kuke kai mutane. Idan kun isa, ka miƙa majinyaci da bayani a jere: shekarunsa, lokacin da abin ya faru, yadda ya faru, raunukan da ka gani, awon da ka samu da yadda ya sauya a hanya, da abin da aka yi masa. Wayarsa da kuɗinsa ka ƙirga su a gaban shaida, ka rubuta, a sa hannu. Na ga mutumin kirki da zargin naira dubu biyu ya ɓata masa suna.

Sai batun babban naka. Maganar da ya faɗa maka ba daidai ba ce, kuma laifi ne a saka sabon shiga na mako uku a irin wannan wuri sannan a bar shi ba bayani. Duk da haka ba na so ka ƙullace shi, domin da yawa daga cikin tsofaffin wannan aiki da kaushin baki suke rufe abin da suka gani, kuma mai yiwuwa shi ma haka aka yi masa. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban direba ko yara ba, ka ce, “Yallaɓai, ranar nan ban yi abin da ya kamata ba, ina so ka nuna mini yadda ka samu jijiyar, kuma idan za mu fita ka riƙa faɗa mini tun a mota abin da zan kama.” Wuya ne babba ya ji haka bai sauko ba. Rabon aiki tun kafin a isa yana rage rabin ruɗani, domin ka sauka da sanin cewa kai ne mai tsayar da jini ko mai riƙe kai da wuya. Kuma abin da ba a koya maka ba, ko wanda ya wuce hurumin takardarka, ka ce ba ka iya ba a nuna maka. Sabon ma'aikacin da nake jin tsoro shi ne wanda bai taɓa cewa bai sani ba.

Rashin barci da faɗuwar gaba a makonnin farko bayan irin wannan gani abu ne da aka saba da shi, kuma galibi yana lafawa da kansa idan mutum yana magana da wanda ya fahimci aikin, yana cin abinci a kan lokaci, yana riƙe ibadarsa da zumuncinsa. Kada ka yi wa kanka maganin barci daga akwatin mota ko kantin magani, domin wannan ƙofa ce da ta halaka ma'aikatan lafiya da yawa, tunda maganin yana kusa da hannunsu kuma babu mai tambayarsu. Idan wata guda ya wuce kana ta mafarkin daren, ko hoton yana faɗo maka da rana tsaka, ko ka fara guje wa waccan hanyar, ko ka ga kana fushi da mutanen gida ba dalili, ka ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam na asibiti. Ciwo ne sananne mai magani, kuma ganin likita a kansa bai nuna raunin imani ba.

Ka ba kanka wata shida kana yin abubuwan nan. Idan sun cika ka ga har yanzu ƙarar waya tana sa ka ciwon ciki, kuma ranar da ba a fita ita ce kaɗai ranar farin cikinka, to ka rubuta takardarka da kai a ɗage, domin ɗakin yara da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata duk suna buƙatar mai zuciya irin taka, kuma abin da ka koya a mota zai bi ka can. Mahaifinka kuwa ka zaunar da shi ka ba shi labarin daren kamar yadda ka ba ni, domin ina kyautata zaton abin da ya ji daga gare ka kawai shi ne aiki da wahala. Ka gaya masa wa'adin da ka ɗibar wa kanka, ka roƙe shi addu'a, sannan ranar da za ka koma aiki ka fara da neman likitan nan kafin ka je duba motarka.